Hotunan salula: ina suke ajiye, kuma me ke sa su ɓace idan an canza waya ko layi?

Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa, Njamena da Kano, hotunan da ke cikin salula sun wuce na biki da suna. Akwai hoton rasit, da samfurin kaya, da katin shaida, da takardun mota. Da yawa ba sa sanin inda waɗannan hotuna suke ajiye sai ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa. A ranar ne mai gyara zai tambayi adireshin Gmail da kalmar sirri, mai waya ya yi zuru, domin yaron shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe asusun, shi ma ya daɗe da mantawa.

Abin da Faransawa ke kira "cloud" ba wani abu ba ne illa manyan kwamfutocin kamfani da ke karɓar kwafin hotunanka ta intanet. A wayoyin Android, irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung, manhajar Google Photos ce aka fi amfani da ita. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, amma ana raba wannan wuri ne tsakanin hotuna, saƙonnin Gmail da Google Drive. Masu iPhone kuma giga 5 kawai Apple ke ba su a iCloud. Kafin 1 ga Yunin 2021 Google Photos na karɓar hotunan da aka ɗan rage wa nauyi ba tare da iyaka ba. Daga ranar ne aka fara lissafa kowane sabon hoto cikin giga 15 ɗin. Tun farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin, shi ya sa mutane da yawa suka ga asusunsu ya cika ba zato. Idan ya cika, hotuna na daina hawa, Gmail ma ya daina karɓar saƙo.

Inda aka fi yin asara shi ne rashin fahimtar cewa wayar da rumbun a haɗe suke. Mutum zai ga wayarsa ta cika, ya ce ai hotunan suna can a ajiye, sai ya buɗe Google Photos ya goge su. To, gogewar ba ta tsaya a wayar ba: hoton zai fita daga rumbun, ya fita daga duk wata waya da ke kan wannan asusu. Haka abin yake a iCloud. Hanyar da ta dace ita ce maɓallin da wayoyi masu Faransanci ke rubuta wa "Libérer de l'espace". Shi yana cire kwafin da ke cikin wayar ne kaɗai, kuma sai hotunan da suka riga suka hau. Wanda ya yi kuskuren gogewa ya hanzarta duba kwandon shara na manhajar, "Corbeille", inda hoto ke zama aƙalla kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya.

Wannan haɗi yana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Maigidan da ya sayi sabuwar waya ya miƙa wa ƙanensa ko matarsa tsohuwar ba tare da ya cire asusunsa ba, duk hoton da ya ɗauka zai iya bayyana a can, duk wanda aka goge a can kuma ya ɓace a wurinsa. Kafin a bayar da waya ko a sayar, a tabbatar hotuna sun gama hawa, a cire asusun, sannan a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Hotunan da aka turo ta WhatsApp, waɗanda su ne mafi yawa a wayoyinmu, Google Photos ba ta ɗaukarsu da kanta. Hotunan kyamara take kwashewa. Sai an shiga saitin "Sauvegarde" an zaɓi jakar hotunan WhatsApp. Shawarata a nan ita ce kada a kunna ta gaba ɗaya, domin bidiyoyin zaurukan 'yan uwa da gaisuwar Juma'a za su cinye wurin cikin 'yan watanni. Gara a zaɓi hotuna masu muhimmanci a ɗora su da hannu.

Sai batun kuɗin intanet. A yadda aka saita ta tun farko, manhajar na jiran Wi-Fi ne kafin ta ɗora hoto. Wanda bai taɓa samun Wi-Fi ba zai iya shekara yana zaton komai a ajiye yake, alhali ko hoto ɗaya bai hau ba. Ana iya ba ta izinin amfani da intanet na layi, a sa mata iyakar abin da za ta ci a rana, a hana ta ɗora bidiyo. Zaɓin "Économiseur d'espace de stockage" kuma yana rage nauyin hoto ba tare da ido ya ga wani bambanci a fuskar waya ba. Mai ƙetare iyaka da layin ƙasarsa ya tabbatar ɗorawa a kashe take har sai ya sa layin ƙasar da ya shiga.

Ga mazauna kan iyaka, babban tarko shi ne lambar waya. Idan ka shiga asusunka daga sabuwar waya, sau da yawa Google zai tura lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi. Idan layin na Kamaru ne kai kuma ka koma Maraɗi, ko kamfanin ya rufe shi saboda an daɗe ba a yi amfani da shi ba ya ba wani, shiga asusun zai yi wuya ƙwarai. Don haka duk sanda aka canza layi a sabunta lambar a saitin asusun tun tsohon layin yana hannu, a ƙara adireshin imel na biyu, a rubuta kalmar sirri a takarda a adana ta tare da takardun gida. A WhatsApp ma akwai "Changer de numéro", wanda ke mayar da asusu kan sabuwar lamba ba tare da hirarraki sun salwanta ba, muddin wayar ɗaya ce. Kuma tun Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun da ya yi shekara 2 ba a shiga ba, da hotunan da ke ciki.

Katin ajiya na cikin waya yana da amfani, amma ɓarawo tare da wayar yake ɗauke shi. Hotunan da ba su da madadi, kamar na iyayen da suka rasu ko takardun fili, a kwafe su a kebul ɗin ajiya ko kwamfuta, a bar su a gida, ban da kwafin da ke rumbun intanet.