Kaza Mai Kwanci da 'Yan Tsakinta

Uwargida, in kin ga kazarki ta ƙi fita daga akurki, tana kumbura gashi, tana saran hannun wanda ya matso, to, ba ciwo ba ne, kwanci ta soma. Kada ki sa mata ƙwai fiye da goma sha biyu, gama wanda fiffikenta bai rufe ba dungu zai yi. Ki barbaɗa toka saboda ƙuma, ki ajiye ruwa da tsaba kusa. Ran kwana 21 za ta ƙyanƙyashe.

To, nan aikin yake. Bara na bar tawa ta fita kiwo da 'yan tsaki tara. Kafin mako biyu, shirwa da raɓar safiya suka bar mini uku.

Saboda haka ki kife su da uwarsu cikin babban kwando har mako huɗu, kina ba su tsakin gero da gara. Ruwa kuwa a kasko marar zurfi, da tsakuwa ciki, kada su nutse.

Kuɗin sabulunki da na littafin 'yarki suna ƙarƙashin kwandon nan. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Mai kazar ma ya kamata ta ji tsoro.