Turmi da Makirufo: Ɗaukar Kiɗa a Damargu

Baƙon da ya baro ƙasarsu da rikoda a jaka, ya bi titin Damagaram zuwa Agadas har ya sauka Tanut, tambayarsa ta farko ba ta wuce ɗaya: ina makaɗan garin? Sai a kira masa masu kalangu da masu ganga, ya ɗauka, ya sallame su, ya koma gida yana murna. Rabin kiɗan Damargu kuwa ya bar shi a tsakar gida, kife a gindin zana. Turmi nake nufi.

Damargu ƙasar gero ce, a nan gonaki suke ƙarewa makiyaya ta fara. Hausawa da Dagira da Abzinawa da Fulani kasuwa ɗaya suke ci daga Tanut har Belbeji, kuma babu gidan da ba shi da turmi. Idan mata uku suka haɗu suna lugude, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Wata ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, kiɗan bai karye ba, waƙa kuma tana tafe a kai, ta yabo ko ta habaici ga kishiya. Abzinawa sun kai abin gaba da tende. Turmin da aka yi daka da shi da safe za a ɗauko, a jiƙa fatar akuya a rufe bakinsa, a ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu, mata su zauna a kan taɓaren don fatar ta ɗame. Ana kiɗa ana yayyafa mata ruwa, sauran mata na amshi da tafi, maza na kewaye su a kan raƙuma. An tashi, a kwance fata, turmi ya koma aikinsa. To wanda ya zo neman "kayan kiɗa" da rana tsaka, me zai gani?

Sau nawa za a faɗa cewa tsadar na'ura ba ita ce ke kama waƙa ba! Har yau akwai masu ganin kiɗan karkara yana nan zaune yana jira, kamar ruwa a rijiya, kowa ya zo da gugansa ya ja. Gangar noma sai da damina, wajen gayya. Kiɗan kokawa da na biki sai kaka ta yi, rumbu ya cika. Waƙar daka kuma tana cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga, sai ya gaida mai gari, ya nemi izinin mai gida, ya sami mace ta riƙe masa makirufo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai ɗauka ya ce a kori awaki, a sa yara su yi shiru, a jera matan a inuwa su maimaita. Mace ba ta yi wa turmin da babu hatsi waƙar gaske.

Batun na'ura gajere ne. Stefan Kudelski ya ƙera Nagra a Suwizalan a 1951, rikodar tef da ake ratayawa a kafaɗa, ita da ire-irenta suka fitar da masu ɗaukar sauti daga ɗakin rediyo zuwa ƙauye. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan maroƙa da na makiyaya a Nijar, kamfanin Ocora na Faransa ya buga su a faifai. A daidai lokacin David Ames yana wannan aiki a ƙasar Zazzau. Abokan gaba tun daga zamaninsu ba su sake ba: iskar hunturu mai hura makirufo har ta binne murya, ƙura mai shiga kowace kafa, zafi mai cinye batir.

Wani abu kan tsaya mini a rai. A watan Janairun 1851 Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Damargu cikin ayarin gishiri, a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Alƙalami kaɗai gare shi, domin sai a 1877 Edison ya ƙera na'urar da ke riƙe sauti. Duk dakan da aka yi a garuruwan da ya bi, iska ta tafi da shi.

Yanzu rikoda tana aljihun kowane saurayi. Christopher Kirkley na Amurka ya gane haka, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da su a 2011. A kasuwannin Damargu ma mai cajin waya da sola yakan zuba wa mutum kiɗa a katin memori, na biki, na kokawa, na gitar Agadas, makiyayi ya sa a aljihu ya bi dabbobinsa. Lugude ne dai ba kasafai yake shiga katin ba, ga shi injin niƙa yana ta karɓe aikin turmi gari bayan gari.