Ko Kun Sani? Goron La'asar da Barcin Dare

Ko kun san cewa goron da mutum ya ci bayan La'asar yana iya zama sanadin juye-juyensa a kan shimfiɗa har tsakar dare? Likitoci sun tabbatar cewa sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da shayi da gahawa, yakan ɗauki kimanin sa'o'i 5 kafin rabinsa ya fita daga jini, saboda haka wanda ya tsaya wurin mai shayi bayan Isha'i, alhali zuciyarsa cike take da waswasi, ya haɗa wa kansa fitina biyu.

Mutanen unguwar Galtimari kuwa suna da uzuri bayyananne na rashin barci, domin tun daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni mutane suna barci, ba abin mamaki ba ne rugugin hadari ya sa gaban magidanci ya faɗi, ga kuma zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, alhali jiki ba ya sakin kansa ga barci sai ɗuminsa ya ɗan sauka.

Shawarar masana ita ce, wanda ya yi kamar minti 20 ido biyu ya tashi, ya ajiye waya, ya zauna cikin haske kaɗan da tasbahansa har gyangyaɗi ya zo. Idan lamarin ya ɗauki makonni, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga.