Gyaran Gida Kafin Damina: Ina Ruwan Zai Bi?

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba, labari ɗaya muke tararwa a ƙauyukan da muke zagayawa a yankin Riko da sauran ƙasar Jibiya. Katangar wane ta zube cikin dare. Rumbun wance ya jiƙe daga ƙasa, ɗan geron da ya rage ya yi fumfuna. Ɗakin wata gwauruwa ya tsage, ita da jikokinta sun koma kwana a zauren maƙwabta. In muka tambayi dalili, sai a ce mana, "Ai ruwa ne ya yi yawa bana."

Wani lokaci hakan ne. Ba wanda ya manta da tsakiyar watan Yuli na 2018, sa'ad da ambaliya ta shiga garin Jibiya cikin dare, ta kashe mutum fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Irin wannan ta fi ƙarfin magidanci ɗaya. Amma yawancin gidajen da muke gani sun faɗi, ba ambaliya ce ta kayar da su ba. Ruwan da ya sauka a cikin gidan ne ya rasa hanyar fita, ya kwanta a gindin bango, yana ci kaɗan kaɗan, shekara da shekaru.

Bari mu yi ɗan lissafi, 'yan'uwa. Ruwan sama milimita 1, in ya sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. A wannan yanki namu ruwan shekara yakan kama daga milimita 500 zuwa 700. Mu ɗauki 600. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, rufinsa kaɗai yana karɓar lita 12,000 a damina guda, wato duro 60 mai cin lita 200. Ɗaki ɗaya fa ke nan. Ba mu sa sauran ɗakuna da tsakar gida a lissafin ba. Duk wannan ruwa dole ya bi wani wuri. In mai gida bai zaɓa masa hanya ba, shi zai zaɓa wa kansa, kuma yawanci gindin bango yake zaɓa.

Fara da kallo

Aikin farko ba ya cin ko kwabo. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kada kowa ya shige ɗaki. Mai gida ya yafa buhu ya fito, ya zagaya gidan ciki da waje. Daga ina ruwan yake shigowa? Ina yake taruwa? Ta ina yake neman fita? A kafa 'yan turaku a wuraren da ya kwanta, domin da rani ƙasa takan bushe ta yi kamar ba abin da ya taɓa faruwa, mutum ya manta. Wanda bai yi wannan kallo bara ba, ya duba gindin bangonsa yanzu. Inda ya ga yaɓe ya zagwanye daga ƙasa zuwa kamar kamu ɗaya ko biyu, ko wani farin gari kamar kanwa ya fito, nan ne ruwa yake kwana.

Ginin ƙasa daga ƙafa da kai yake mutuwa. A ƙafa, abin da ake bukata shi ne ɗan dakali mai gangare a zagaye da bangon, faɗinsa kamar rabin mita, a daɓe shi sosai da ƙasa mai tsakuwa, yadda duk ruwan da ya sauko zai gangara nesa da ginin. Tsakar gida ita ma ta ɗan karkata zuwa wajen rariya. Sau da yawa mukan tarar shara da yashi sun ɗaga hanyar waje har ta fi tsakar gida tudu, rariya kuwa ta toshe tun bara. A irin wannan gida ruwa shigowa yake ta rariyar maimakon fita. A yashe ta, a faɗaɗa ta, a jera duwatsu a bakinta don kada ruwan ya ƙwaƙule katanga a inda yake wucewa.

A kai kuma, indararo ne. Indararon da ya gajarta, ko ya tsage a inda ya shiga bango, shi ne yake zana wannan dogon tsagi da muke gani daga sama har ƙasa a jikin soro. Ya kamata ya fito nesa da bango, a kuma ajiye duro a ƙarƙashinsa ko a tara duwatsu inda ruwan yake faɗowa. Masu rufin kwano su lura da bakin kwanon. In bai zarce bango sosai ba, ruwan da ke zubowa yana fantsama ne kai tsaye a gindin ginin. Duron da aka tara ruwa a ciki a rufe shi, gama sauro ba ya bukatar fiye da mako guda zuwa kwana 10 kafin ƙwansa ya zama sauro mai tashi.

Abu guda da muke roƙo: kada a gyara gida ta wurin juya ruwa zuwa katangar maƙwabci. Mun zauna sulhu a kan wannan fiye da sau ɗaya, kuma ba zama ne mai daɗi ba. A yi magana da juna tun kafin a ɗauki shebur.

Yaɓe da gara

Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne cinyewa. In ƙarfi bai kai a yaɓe gida duka ba, a fara da shi. Lokacin yaɓe kuwa watan Maris zuwa farkon Mayu ne, don ya bushe kafin ruwan farko. Iyayenmu sun san amfanin makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa, ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a shafa a jikin bango da daɓe, sai ruwa ya riƙa zamewa. Ɗorawa ta yi ƙaranci yanzu, amma ana samun ɓawon a kasuwa da sauƙin kuɗi in aka kwatanta da siminti.

Game da siminti, mun san da yawa suna ganin shi ne ƙarshen magana. Ba mu yarda da haka duka ba. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Bayan damina biyu ko uku sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagin, ya kasa fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali daga waje yana sheƙi. Ƙwanƙwasa shi ka ji. In ya yi ƙara kamar ganga, ya riga ya rabu da bangon. Wanda yake da kuɗin buhu ɗaya ko biyu kawai, gara ya sa su a dakalin gindin bango, da bakin rariya, da inda indararo yake zuba.

Gara kuma damshi take bi. Karan dawa da itacen girki da ake jinginawa a jikin ɗaki gada ce ake yi mata zuwa rufi. A ɗora su a kan duwatsu nesa da bango. Rumbu ya zauna a kan duwatsu yadda iska za ta wuce ta ƙarƙashinsa, a share gindinsa, a barbaɗa toka, a riƙa leƙawa.

Ruwan ya tafi gindin bishiya

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci. Ruwan da muka kora daga bango, ina za shi? In aka sake shi a hanya, zai haɗu da na sauran gidaje, ya ƙwaƙule jigawar nan tamu mai taushi, ya zama kwazazzabon da zai dawo ya ci bayan gida. Mafi kyau a ja shi da ɗan lambatu zuwa gindin bishiya.

A nan sai mu faɗi laifinmu. A shekarunmu na farko a wannan aiki mun raba dashe cikin leda, muka rubuta adadin a rahoto, muka yi murna. Da muka koma da bazara, kaɗan ne suka rayu. Awaki sun cinye wasu, ƙishi ya kashe saura. Waɗanda suka rayu kuma, wasu an dasa su daf da ɗaki, yau saiwarsu tana ɗaga daɓe. Mun ba mutane bishiya, ba mu zauna da su mun duba inda ruwan gidansu yake bi ba.

Abin da muka koya shi ne, kowace bishiya da wurinta. Manyan itatuwa kamar bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, da mangwaro da tsamiya, a ba su aƙalla taku 10 daga bango, nesa kuma da rijiya da masai. Wurinsu shi ne gabas da arewa maso gabas na gida, inda za su tare iskar hadari da ta hunturu. Bishiyar turare tana girma da sauri, amma tana shan ruwa ƙwarai, ba ta dace da cikin gida ba. Cikin gida na ƙananan itatuwa ne: zogale, gwanda, gwaiba, lalle. Zogale in ya kai tsawon ƙirjin mutum a datse kansa, sai ya yi rassa, ganyen ya tsaya inda uwargida za ta iya tsinka. Gwanda kuwa a sa ta kusa da inda ruwan wanka yake fita. A haƙa rami kamar zurfin gwiwa, a cika shi da tsakuwa, ruwan ya nutse a ciki maimakon ya zama taɓo a bayan gida.

Ramin dashe ya kai rabin mita zurfi da faɗi, a gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. A ta gefen gangare a tada ɗan kunya mai siffar rabin wata, bakinta yana fuskantar inda ruwa yake fitowa. Manoman Nijar sun daɗe suna yin wannan a gonaki, yana kuma aiki a bayan gida. Da rani, a binne tsohon tulu marar fenti a gefen dashen har wuya, a riƙa cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan yana tsatsa a hankali zuwa saiwa. Ba a dasa kome sai an tanadi ƙayar da za a kewaye shi da ita.

Akwai ma bishiyar da ba sai an dasa ba. Daga kan iyakarmu zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 50 ce. A can ne a 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa a lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Shi da manoman yankin suka fara barin rassa kaɗan a kowane kututture suna gyara su. Aka kira abin sassaben zamani. Daga baya masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A duba filin bayan gida da kan iyakar gonar kusa da gida. Za a tarar da kalgo, sabara, aduwa, magarya, wani lokaci har gawo. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a sare saura da wuƙa mai kaifi, a share ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawonsu. Irin wannan itace ba ya bukatar ban ruwa, gama saiwarsa ta riga ta kai inda damshi yake.

Shinge mai rai

Darnin kara duk shekara sai an sāke shi, ga shi karan ya zama abincin dabbobi mai tsada. Shingen dashi ko aguwa sau ɗaya ake kafawa. Reshe ake yanka, kamar tsawon hannu, a bar shi ya sha iska kwana biyu, a kafa kusa da kusa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka. In aka jira sai ƙasa ta jiƙe sosai yakan ruɓe. A yi hankali da farin ruwan aguwa, yana cutar da ido. Bini da zugu shi ma yana yin shinge, amma 'ya'yansa guba ne, ba mu ba da shawararsa a gidan da ke da ƙananan yara. A gindin shinge, ta wajen da ruwa ke gudu, a dasa layin gamba. Tana riƙe ƙasa, da kaka kuma a yanke ta a saƙa zana.

Masai ya kasance a gangaren gida, ba a tudu sama da rijiya ba, tsakaninsu aƙalla mita 30. A tada bakinsa ya fi ƙasar kewaye tudu, don masan da ruwan sama ke kwarara ciki shi ne yake ruftawa. Ƙasar gini kuma kada a haƙe ta a bayan katanga don gudun wahalar ɗauko ta. Ramin yau shi ne kududdufin gobe, wurin sauro, kuma haɗari ga yara.

Ba kowane gida ke da hannun yin wannan aiki ba. Akwai tsofaffi, akwai gwauraye, akwai kuma gidajen da rashin tsaro ya sa masu su suka yi ƙaura, suna nan a rufe. Ɗakin ƙasa da ba kowa a ciki, damina biyu ta ishe shi, in indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro. Matasan ikkilisiya su takwas ko goma, da shebur da kwando, za su iya zagaya irin waɗannan gidaje cikin Asabar biyu na watan Afrilu, na Kirista da na maƙwabta Musulmi duka, tun da ruwan unguwa ɗaya hanya ɗaya yake bi. Gidan da mai shi ba ya nan, a nemi izininsa ta waya ko ta wurin mai unguwa kafin a shiga. A buɗe indararo, a yashe rariya, a cike tsagin da ke kan rufi.