Ruwan wanka: a yi masa hanya, a yi masa masauki

Yau za mu yi magana a kan wani lungu da ke cikin kowane gida na ƙasar Kurfai, tun daga garin Filinge har Shikal, Luma da Tukunus, wato makewayi, wurin da ake wanka. Baƙo ba ya ganinsa, amma kowane ɗan gida yana shigarsa kullum.

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun lura da abu guda. Tun da shirin ATPC ya shigo Nijar a 2009, ana ta faɗakar da jama'a a kan gina shadda da barin bahaya a fili, kuma garuruwa da dama sun amsa kira. Amma ruwan wanka ba a cika kula da shi ba. A gidaje da yawa yana kwanciya nan inda aka zubar da shi, ko ya malalo tsakar gida, ko ya bi rariya ya fita titi ya zama kwatami. Ruwan nan kuwa ba shi da laifi. Abu biyu ya rasa: hanyar da zai bi, da wurin da zai sauka.

Mu yi lissafi

Mu ɗauki gida mai mutum 10, kowa yana wanka da bokiti guda na lita 10 a yini. Lita 100 ke nan kowace rana, lita 3.000 a wata, wato ganga 15 mai cin lita 200. Ba mu sa ruwan alwala da na wankin tufafi ba. Duk wannan ruwa mata da yara ne suka jawo shi daga rijiya, ko aka saye shi bido-bido a bakin famfo. Ga shi kuma ana zubar da shi a gindin bango guda, rani da damina. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa maganar ba ƙarama ba ce.

Ɓarnar da yake yi

Ta farko ga gini take. Yawancin gidajenmu na ƙasa ne, kuma bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Laima tana hawa cikinsa, gishirin ƙasa yana biyo ta, sai ka ga gindin bango ya yi fari yana zubewa kamar gari. Bangon da ya shekara yana shan ruwan wanka shi ne ke fara faɗuwa ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, kuma da yawa daga cikinsu gini ne ya faɗa musu. Ba mu da iko da ruwan sama, amma muna da iko da wanda muke zubawa da hannunmu.

Ta biyu ga lafiya take. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ya isa a lokacin zafi. Sauro iri-iri ne. Wanda ake kira kuleks, mai hana barci da kuka, shi ne ke son ruwan kwatami mai wari. Anofel kuwa, mai kawo masassarar cizon sauro, ya fi son ɗan ruwa mai haske da rana ke bugu, irin wanda ke tsayawa a sawun dabba ko inda ruwan rariya ya kwanta ya tace. Saboda haka gyaran makewayi ba ya maye gurbin sange, wato gidan sauro, kuma ba ya maye gurbin maganin rigakafin da ake bai wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 a watannin damina. Taimakonsu yake yi.

Ban da sauro, mu tuna cewa a makewayi ake fitsari, a nan ake tsarki, a nan ake wanke wa jarirai kashi. Ƙasa mai laima da ta haɗu da bahaya tana raya ƙwan tsutsar ciki. Akwai irin tsutsar da ke shiga jiki ta tafin ƙafa, ta je hanji tana shan jini, har yaro ko mace mai ciki su ɗashe. Yaro mai rarrafe kuma yakan taɓa caɓin ya kai hannu baki, sai zawo ya biyo baya. Kwalara da ta ɓarke a ƙasarmu a 2021 ta tuna mana abin da ruwa mai ƙazanta yake iya yi.

Ta uku ita ce santsi. Sabulu da gansakuka in sun haɗu, tsoho ko mai ciki suna iya zamewa, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ta cika warkewa ba. Ta huɗu ita ce zaman tare: rigima nawa ce ta kai gaban maigari saboda rariyar wani ta juyo gindin bangon maƙwabcinsa? Ga kuma maganar tsarki, domin wanda ya yi wanka yana tsaye cikin ruwan da ya gauraya da fitsari, da shakka zai fito.

Gyaran daɓen makewayi

Dokar aikin guda ce: ruwa gangare yake bi. Ga yadda ake yi.

1. A ɗaga wurin tsayawa ya fi tsakar gida tudu da kamar faɗin tafin hannu. A zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai.

2. A karkatar da daɓen zuwa kusurwa guda, inda rariya take. A kowace mita guda a sauko da santimita 2, wato kaurin babban yatsa. Nan ne magina da yawa suke kuskure: sukan yi daɓe a miƙe sumul, ruwa ya rasa inda zai nufa.

3. A kwaɓa siminti awo 1, rairayi mai tsabta awo 2, tsakuwa awo 3. Kaurin daɓen ya kai santimita 6. Ga makewayi mai mita 1 da santimita 20 kowane gefe, buhu guda na kilo 50 ya isa har da gefe.

4. A yi ɗan dakali kewaye da daɓen, tsayin yatsa huɗu, har da bakin ƙofa. Shi ne ke hana ruwa malalowa tsakar gida. In makewayin yana jingine da bangon ƙasa, a shafe gindin bangon da siminti har zuwa gwiwa, kuma a cike kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, domin ta nan ruwa ke sata ya shiga.

5. Kada a goge fuskar daɓen ta yi sulɓi. Tun siminti yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa, ƙafa ta samu abin kamawa.

6. A rufe da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Simintin da rana ta busar da gaggawa tsagewa yake yi.

Kafin a sallami magini, a zuba buta guda ta ruwa a kusurwar da ta fi nisa da rariya. In ruwan ya tafi duka, aiki ya yi. In ya tsaya a tsakiya, a gyara tun yanzu. Tun ran gini, ran zane.

Wanda bai da halin siminti kada ya ce maganar ba tasa ba ce. Dutse ba ya wuya a tudun da ke gefen dallol. A haƙa ƙasar makewayin kamu guda, a cika da marmara da tsakuwa, a jera faffaɗan duwatsu a sama wurin tsayawa, a nesanta shi da bango. Ruwa zai nutse, ƙafa ba za ta taɓa caɓi ba. Duk shekara a kwashe tsakuwar sama a sake sabuwa.

A cikin garin Filinge akwai gidajen da ke da famfo da ɗakin wanka a ciki. A nan ma dokar ba ta sake ba: gangare zuwa bakin tiyo, da ɗan dakali da zai raba wurin wanka da sauran ɗakin. A rataya labulen leda, gindinsa ya sauka ta cikin dakalin, ba ta waje ba. In ruwa ya fara jinkirin tafiya, gashi ne da rairayi suka toshe bakin tiyo. A buɗe a kwashe. In kuma bango ya yi laima ta baya, akwai tsaga ko yoyo, a nemo shi kafin ya girma.

Masaukin ruwa

Fitar da ruwa daga makewayi rabin aiki ne. In an sake shi a titi, an ɗauke cuta daga gida an kai wa gari. Masaukinsa shi ne rami mai tsotse ruwa.

A haƙa rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi, nesa da bango da mita 3 in da fili. A cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. A kawo tiyo daga rariya zuwa tsakiyar ramin, shi ma a gangare. A shimfiɗa tsohon buhu a kai, a rufe da ƙasa. Ramin da ke rufe ba ya wari, sauro ba ya samun shiga, yaro ko ɗan akuya ba ya faɗawa. A bakin rariya a sa gwangwani mai huji-huji da ɗan soso a ciki, ya tare gashi da rairayi da dattin sabulu. A wanke shi kowane mako. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo kada ya shiga ramin nan, domin maiƙo yana toshe ƙasa da wuri.

Amma ƙasar Kurfai ba iri guda ba ce, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. A cikin kwarin Dallol Boso ƙasa rairayi ce, tana shan ruwa da sauri, kuma a wurare da yawa ruwan ƙasa yana kusa. Wannan albarka ce ga masu lambu, amma ramin da aka zurfafa yana iya kai ƙazanta ga ruwan da muke sha. Saboda haka a bar mita 30, wato kamar taki 40, tsakanin ramin da kowace rijiya, kuma a bar mita 2 tsakanin gindin ramin da ruwan ƙasa. Igiyar guga za ta gaya muku zurfin ruwa. A auna a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fi hawowa. Inda ruwa ke kusa ƙwarai, a yi rami mai tsawo marar zurfi, ko a kai ruwan gindin itace.

A kan tudu kuwa, inda fako da marmara suke, matsalar ita ce ƙasa ba ta sha. A gwada tukuna: a haƙa ɗan rami kamu guda, a cika shi da ruwa da maraice. In da safe ya ƙafe, wurin ya yi. In ruwa yana nan, a nemi wani gefen gidan, ko a faɗaɗa ramin.

Ruwan wanka ya zama inuwa

Daminarmu gajera ce, wata uku ko huɗu, sauran shekara kuwa itace ƙishirwa yake ji. Lita 100 a yini ta isa ta raya itatuwa da dama. A yi ɗan kwano kewaye da gindin itacen, a cika shi da kara ko ciyawa busasshiya, a sa bakin tiyo ƙarƙashin ciyawar don kada ruwa ya tsaya a fili. Zogale, lemun tsami, gwanda da lalle duk suna amfana. Dogon yaro ma yana so, amma a nesanta shi da gini saboda saiwarsa.

Sharuɗɗa biyu ne. Kada a ba da wannan ruwa ga salati, tumatir, ko wani abin da ake ci ɗanye. Ruwan wanki mai garin sabulu da yawa kuma yana tara gishiri a ƙasa, gara ya tafi rami. Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a ƙasarmu, amma da yawa ba sa ganin damina ta biyu don rashin ban-ruwa. Itacen da aka dasa a bakin ruwan wanka, kullum yana da mai ba shi ruwa.

Yaushe, kuma su wa?

Lokacin aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, hannu ya samu sarari, sanyi kuma yana taimakon siminti. Maigida shi ke da haƙa da ɗauko dutse, amma a shawarci matan gida kafin a sa magini, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗin magini da amalanken tsakuwa. Ƙungiyoyin adashe irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya sa buhun siminti cikin abin da ake ɗaukar rance dominsa.

Ga aikin da muke roƙon malaman cibiyoyi su yi da ɗalibansu a wannan wata:

1. Kowane ɗalibi ya ƙirga mutanen gidansa, ya lissafa litar ruwan wankan da suke zubarwa a wata.

2. Ya auna taki nawa ne tsakanin rariyar gidansa da rijiya mafi kusa.

3. Ajin ya zaɓi gida guda, a yi gayya a gyara makewayinsa, sauran jama'a su zo su gani.

Ku rubuto mana abin da kuka samu da hannunku, za mu buga shi a wannan shafi. Allah shi ba mu lafiya da damina mai albarka.