Songkran: Bikin da Ba a Zuwa Kallonsa a Dawo a Bushe

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan ƙasar Tailan. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin tufafi a Pratunam, da masu kai duwatsu masu daraja Bankok da Chanthaburi, sun san ta fiye da haka, kuma akwai kwana uku da suke yi wa alama a kalanda: 13, 14 da 15 ga Afrilu. A waɗannan kwanaki bankuna da ofisoshin gwamnati a rufe suke, shaguna da dama sun ja ƙofa, tituna kuwa sun koma hannun masu bokiti. Bikin sabuwar shekarar gargajiya ke nan, wanda mutanen ƙasar ke kira Songkran.

A ce ka fito daga masauki da hantsi, ka sha shadda mai sitaci, ka kafa hula, ka nufi titin Silom a Bankok. Kafin ka kai kwana, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta saita ka da bindigar ruwa ta roba wadda ta kusa kai tsawonta. Kana waiwayawa, sai ga a-kori-kura ta gifta ɗauke da tanki da matasa a baya, suka sheƙa maka ruwan ƙanƙara a ƙeya. Wani dattijo mai riga furanni-furanni ya matso yana murmushi, ya ce "sawatdi pi mai", wato barka da sabuwar shekara, ya shafa maka kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa a kumatu. Ba wanda ya san ka, ba wanda ya nufe ka da wulaƙanci. Laifinka ɗaya: ka fito a bushe.

Ruwan kwano da ruwan bokiti

Sunan bikin ya samo asali ne daga wata kalma ta harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya, mai nufin ƙaura ko tsallakawa, domin a lissafin taurarinsu a wannan lokaci ne rana ke shiga sabon burji. Maƙwabtan Tailan, Myanmar da Laos da Kambodiya, su ma suna da irinsa a tsakiyar Afrilu. Tun 1941 gwamnatin Tailan ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu, amma a zuciyar jama'a Songkran bai motsa ba. A Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Abin da baƙo ba ya gani daga titi shi ne ruwan iri biyu ne. Na farko ana zuba shi da safe, a cikin gida. Iyaye da kakanni kan zauna a kan kujera, su miƙo tafin hannu. 'Ya'ya da jikoki su zo a durƙushe, kowa da ɗan ƙaramin kwano na ruwa mai ƙamshi, furen yasmin na yawo a samansa. A tsiyaya kaɗan a hannun dattijo, a nemi gafarar abin da aka yi masa a shekarar da ta wuce, shi kuma ya sa albarka. Sunan wannan al'ada "rot nam dam hua". Ba hayaniya, ba wanda ya jiƙe. Shi ya sa ma ranar 13 ga wata take ranar dattawa ta ƙasa, 14 kuma ranar iyali.

Mabiya addinin Buddha, waɗanda su ne mafi rinjaye, kan share gidaje, su kai wa limaman addininsu abinci, su wanke gumakan Buddha, su tara yashi a harabar wuraren ibada, wai a madadin ƙasar da suka kwasa a tafin ƙafa tsawon shekara. Daga wannan ɗan yayyafi na girmamawa ne wasan ya girma, kwano ya zama bokiti, bokiti ya zama tanki. Zafin Afrilu ya taimaka, masu yawon buɗe ido suka ƙara wa wutar ice. Daga 2020 zuwa 2022 an hana watsa ruwa a titi saboda annobar korona. A 2023 aka dawo da shi.

Takardu kafin akwati

Shirin wanka ba ya farawa a bakin rijiya. Ɗan Najeriya na buƙatar biza, kuma Tailan na cikin ƙasashen da sai an sami takardar tantancewa daga hukumar NDLEA kafin a nemi bizarta. Akwai kuma katin rigakafin cutar shawara, wanda ake dubawa a filin jirgi. Tun 1 ga Mayu 2025, kowane baƙo sai ya cike katin shiga ƙasa ta intanet cikin kwana uku kafin saukarsa. Waɗannan abubuwa ba a haɗa su a mako guda, don haka mai niyyar Afrilu tun Janairu ya kamata ya fara zirga-zirga.

Masauki da tikitin cikin gida su ma haka. Yadda garuruwanmu ke yashewa idan Sallah ta matso kowa ya nufi mahaifarsa, haka Bankok ke yi: ma'aikata daga arewa da yankin Isan na arewa maso gabas kan cika tashar motoci ta Mo Chit maƙil. Jirgin ƙasan dare da ke zuwa Chiang Mai, tafiyar sama da kilomita 700, kujerunsa kan ƙare tun da sauran makonni. Kada kuma shekarar da za ka gani a rasit ta ruɗe ka: kalandarsu ta riga ta Miladiyya da shekara 543, don haka 2025 a wurinsu 2568 ce. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa shida.

Sai zaɓen gari. A Bankok filin daga shi ne Silom da titin Khao San. A Chiang Mai ana yin wasan ne a gefen kududdufin da ya zagaye tsohon birni kamar gwalalon ganuwa, musamman wajen ƙofar Tha Phae. A Pattaya kuwa sai ranar 19 ga wata ake kai ƙarshe. Mai asma ko ciwon ƙirji ya yi tunani sau biyu kafin ya nufi Chiang Mai, domin a Maris da Afrilu hayaƙin ƙona gonaki da daji kan lulluɓe arewacin ƙasar kamar hazo.

Abin da za a sa, da abin da za a bari

Mutumin Kano ko Damagaram zai ce ai ya san bazara. Ya sani, amma zafin Bankok mai laima ne: awon kan kai digiri 35 ko fiye, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa. Mutum yana jiƙe sharkaf, ƙishirwa na cin sa bai ankara ba. A riƙa shan ruwan gora, ba na famfo ba.

Shadda da takalmin fata su zauna a akwati. Abin da ake so shi ne tufa mara nauyi mai saurin bushewa, mai duhun launi, domin farar riga idan ta jiƙe ba ta rufa wa kowa asiri. Mata su fi kula da wannan, mayafi ko hijabi ya kasance mai ɗan kauri. Takalmi ya zama mai maɗauri, wanda ba ya santsi. Waya da 'yan kuɗi su shiga jakar leda mai rufewa da ake ratayawa a wuya. Ana sayar da ita a kowace kusurwa. Fasfo a bar shi a ma'ajiyar otal, a fita da kwafinsa. Tabarau ma yana da rana, domin ba kowane ruwa ne mai tsabta ba, na kududdufin Chiang Mai musamman, kuma ciwon ido da na kunne na cikin tsarabar da mutane kan dawo da ita. Taba mai lantarki haramun ce a dokar ƙasar. Ko a aljihun jaka kada ta shigo.

Kwana bakwai masu haɗari

Haka hukumomin Tailan da kansu ke kiran makon bikin, kuma ba ruwa suke nufi ba, titi suke nufi. A 2024, daga 11 zuwa 17 ga Afrilu, mutum 287 ne suka mutu a haɗarin hanya. Kowace shekara dalilan ba sa sauyawa: gudun wuce sa'a, tuƙi cikin maye, kuma mafi yawan haɗuran na babura ne. Ka haɗa jiƙaƙƙiyar kwalta, da direban da ya sha giya, da bokitin ruwa da aka watsa wa mai babur a fuska, ka ga sakamako.

Baƙo yana da ƙarin matsala: a Tailan ta hagu ake tuƙi. Idonka ya saba duba wani ɓangare kafin ka tsallaka, mota kuwa ta ɗaya ɓangaren take tahowa. Wannan ba makon hayar babur ba ne, ba kuma na hawa acaɓa ba. Tuk-tuk, ɗan'uwan a-daidaita-sahu, buɗe yake ta ko'ina, fasinjansa abin hari ne. A Bankok, jirgin ƙasa na cikin gari shi ne mafita. A ajiye lambobi biyu a waya: 1155 ta 'yan sandan da ke kula da baƙi, 1669 ta motar asibiti.

Wasa da iyakarsa

Ko a tsakiyar hargitsin akwai waɗanda ba a taɓawa: limaman Buddha masu tufa ruwan goro, jarirai, tsofaffi, mata masu juna biyu, da ma'aikaci a bakin aikinsa. Ba a watsa wa mai tuƙa babur, ba a harbi fuska, bindigogin da ake haɗawa da bututu masu ƙarfin feshi kuma an hana su. Ba a dafa kan mutum, domin a al'adarsu kai abin girmamawa ne. Shafa farar ƙasa ba lasisin taɓa jikin mace ba ne. Doka na hukunta wannan. Maganar gidan sarauta kuwa a ja baki a yi shiru: sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci zarafin sarki. Fushi ma ba ya ciniki a nan. Wanda aka jiƙa ya ɗaga murya, shi za a kalla a matsayin mara tarbiyya. Amsar da suka sani ita ce "mai pen rai", ba komai.

Matafiyi Musulmi ba zai zama bare ba. Kusan mutum ɗaya cikin ashirin a ƙasar Musulmi ne, kuma su ne masu rinjaye a lardunan Pattani, Yala, Narathiwat da Satun na kudu. Bankok na da masallatai da yawa, ciki har da tsohon masallacin Haroon a unguwar Bang Rak, ba nisa da Silom, ga gidajen abincin halal jere a unguwar Nana. Ibadun bikin a wuraren bautarsu ake yi, ba a tilasta wa baƙo shiga. Wanda ko wasan ruwan ba ya so, ya gama hidimarsa da sassafe, ya kauce wa titunan da aka ware, ya yi wuninsa a manyan kantuna. Duk da haka ya riƙe tufar canji a leda domin sallah, don yaron da ke laɓe a bayan ƙofa da tiyo bai san niyyar kowa ba.

Wanda sari ya kai shi, ya gama kafin 10 ga wata ko ya jira bayan 20. Wanda kuma bikin ya je gani, ya ware safiya guda ya bar titi. Idan Allah ya sa wani abokin ciniki ya gayyace shi gida, zai ga mutumin da jiya ya sheƙa masa bokiti yau a durƙushe gaban tsohuwarsa, riƙe da kwanon da bai fi kofin shayi ba, yana tsiyaya ruwa a hankali don kada ya jiƙa mata zane.