Daga Azare zuwa Katagum a kan keke: hanyoyin da mota ba ta bi

Idan kaka ta wuce, aka kwashe gero da wake daga gonaki, ƙasar Katagum takan buɗe kamar an yaye mata mayafi. Daga bayan garin Azare ana iya hango siraran hanyoyi suna ratsa karan dawa, suna kewaye gindin kuka, su ɓace a bayan wata ruga. Ba gwamnati ta shata su ba, ƙafar mutum da kofaton saniya da tayar keke ne suka fitar da su. A kansu ake kai nono kasuwa, a kansu ɗalibi yake zuwa makarantar gaba da firamare a ƙauyen da ke maƙwabtaka, kuma mutum yana iya shafe sa'a guda bai ji ƙarar injin mota ba.

Irin waɗannan hanyoyi ne wasu a ƙasashen waje suke biyan kuɗin jirgi don su je su hau. Tseren keke a kan hanyar burji da tsakuwa ya zama wasa mai zaman kansa: a Amurka ana yin na mil 200 a jihar Kansas, a Kenya an fara na yankin Masai Mara a 2021, hukumar tseren keke ta duniya kuma ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya a 2022. Abin da suke nema bai wuce uku ba: hanya marar kwalta, ƙarancin motoci, da ƙauyukan da za a yada zango. Arewacin Bauchi yana da duka ukun, sai dai a nan keke abin sufuri ne tun zamanin Raleigh, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi a Kano, da Phoenix da ya biyo baya.

Babur ya so ya kore shi. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, mutane da dama suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Ma'aikatan Abuja da suka daɗe a aiki za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran a rungumi keke har mota ta ture shi a kan hanyar zuwa aiki a 2001. An yi masa dariya a lokacin. Laifin ba na keken ba ne. Titin da ya hau ne ba a yi shi domin mai keke ba, kuma har yau ba a gyara wannan ba.

Hanya mafi nauyin tarihi ita ce wadda ta nufi arewa, zuwa tsohon garin Katagum, tafiyar kusan kilomita 70. Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin a wajajen 1814 a bakin kogin Jama'are. Turawa sun karɓe shi a 1903, daga baya aka mayar da fadar sarki Azare. Wannan ƙaura ce ta haifar da ruɗanin da ke rikita baƙi har yau: Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki ne.

A watan Janairun 1824 Turawa biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Borno a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Clapperton ya rubuta labarin ganuwa biyu da ƙofofi huɗu da suka kewaye garin. Oudney bai yi nisa ba. Ya rasu a Murmur ranar 12 ga watan, aka binne shi a can. Mai keken da ya bi ta wannan yanki yana taka sawun fataken da suka haɗa Borno da Kano shekaru ɗaruruwa kafin a shimfiɗa kwalta.

Tafiyar ba ta da tudu da gangare, amma ba ta da sauƙi. Ƙasar jigawa ce, rairayi ne abokin gaba na farko. Inda amalanken shanu suka yawaita bi, yashin yakan yi laushi har taya ta nutse, dole a sauka a tura. Masu hanyar sun san dabara: ana bin gefe, inda ƙafa ta daddale ƙasa, ana kuma rage iskar taya kaɗan don ta baje. Siririyar tayar tsere ba ta da amfani a nan. Abokin gaba na biyu ƙaya ce, ta aduwa da ta bagaruwa, waɗanda ke huda taya ba tare da an ji ba sai an yi nisa. Ana samun mai faci a manyan ƙauyuka, musamman ranar kasuwa, amma tsakanin ƙauye da ƙauye babu mai ceto sai famfo da kayan facin da mutum ya ɗauko. Da an kusanci kogi sai ƙasar ta sauya: rairayi ya ba wa laka wuri, goruba ta yawaita, ga lambunan rani da masunta, ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a dausayin Hadeja da Nguru da ke gaba kaɗan.

Wanda yake son dutse sai ya juya kudu maso yamma, ya nufi Shira, tsohuwar daular da ta girmi Katagum. A duwatsunta akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Lokacin tafiya gajere ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya, shi ne daidai, ko da yake ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro. A Afrilu zafi yakan haura digiri 40, fita da rana tsaka kasada ce. Da damina kuwa kogin ne ke mulki. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri tsakanin Azare da Jama'are. Idan titin tarayya bai tsira ba, ba sai an faɗi halin da hanyar ƙauye take ciki ba. A irin wannan lokaci kwalekwale ne ke ɗaukar mutum da kekensa.

Akwai kuma ladabin hanya. Baƙon da ya shiga ƙauye da tufafin tsere masu ɗame jiki, ya wuce majalisar dattawa ba sallama, ya ɓata wa na bayansa. Ana tsayawa a gaisa, a nemi mai unguwa ko dagaci, a faɗi daga ina, zuwa ina. A nan ne ake jin ko gaba lafiya, domin labarin tsaro na jiya ba ya isa ga tafiyar yau. Ba a ɗaukar hoton mata a bakin rijiya. Idan an haɗu da garke, sai a sauka a ba shi hanya, don shi ne mai wurin.

Wannan na ƙarshe ba karamci kawai ba ne. Da yawa daga cikin hanyoyin nan burtali ne, kuma burtali yana ƙanƙancewa. Kowace damina garma takan ci taku ɗaya daga dama, taku ɗaya daga hagu, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta mutum ɗaya. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda. Daga wannan matsi ne rikicin manomi da makiyayi yake tasowa da kaka. Itatuwan da ke ba da inuwa su ma suna tafiya a buhunan gawayi, alhali Bauchi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da hamada ya shafa.

A nan ne batun ya iso teburin ma'aikacin tarayya. Bauchi tana cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa. Al'adar da aka saba ita ce a auna nasara da yawan kilomitar kwalta. Amma hanyar burji da aka daddale, aka yi mata kwalbati a mashigin ruwa, aka kuma kafa mata alamun iyaka, ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ita ce mai keke da mai amalanke da makiyayi suke bi tare. Jami'in da zai sa hannu a kan irin wannan takarda, idan hutun ƙarshen shekara ya kai shi gida, yana iya aron keke a Azare bayan sallar asuba. Kafin hantsi ya ɗaga zai kai Gadau, ya kuma ga da idonsa inda hanyar ta tsuke.